Rani, Damina Ko Tsakaninsu: Wane Lokaci Ya Fi Dacewa Da Bikin Aure A Bakin Tekun Tsibiri?

Masu shirin yin bikin aure a kan rairayin bakin teku sukan fara da tambayar wane wata ne ba a ruwa. Tambayar na da muhimmanci, amma bai kamata a tsaya a kanta ba. A yawancin tsibiran yankuna masu zafi ruwan sama yakan sauko da ƙarfi ya ɗauke cikin awa guda, rairayi kuma ya shanye shi nan da nan. Abubuwan da suka fi ɓata biki su ne iska, da cikar teku, da zafi mai danshi, da ciyawar da teku ke turowa gaɓa. Kowannensu da lokacinsa, kuma lokacin yakan bambanta daga wannan tsibiri zuwa wancan, har ma tsakanin gabashin tsibiri guda da yammacinsa.

Babu wata guda da ya dace da ko'ina. A tsibiran Karebiyan, da Maldif, da Phuket na ƙasar Tailan, rani yana kamawa ne daga Disamba zuwa Afrilu. A kudancin duniya abin ya juya: Bali, da Fiji, da Morishus suna samun ranin su daga Mayu zuwa Oktoba. Zanzibar damina biyu take yi a shekara, babbar da suke kira masika daga Maris zuwa Mayu, da ƙaramar da suke kira vuli wajen Nuwamba zuwa Disamba. Akwai kuma masu saɓa wa maƙwabtansu. Koh Samui a Tailan ɗin take, amma ruwanta mafi yawa daga Oktoba zuwa Disamba yake sauka, daidai lokacin da Phuket ke fita daga damina. Hawai tana arewa, amma ruwanta ya fi yawa daga Nuwamba zuwa Maris. Don haka idan hutun aiki ko na makaranta ya riga ya tsayar muku da wata, to watan ne zai zaɓi tsibirin. Idan kuma tsibirin ne ya kwanta muku, shi zai zaɓi watan. Masu tsayar da duka biyun tun kafin su duba yanayi su ne suka fi shan wahala.

Tsakiyar rani

Nan kowa ke rububi, kuma da dalili. Sama takan yi wasai, danshi ya ragu, sauro ya yi sauƙi, jirage su tashi a kan lokaci. Ga bikin da za a gayyato mutum 80 ko 100 daga ƙasashe daban-daban, tabbacin cewa kowa zai iso babban abu ne.

Sai dai a tsibirai da yawa tsakiyar rani shi ne lokacin iska mafi ƙarfi. A Zanzibar iskar kusi tana busowa daga kudu maso gabas, ta fi ƙarfi a Yuni zuwa Agusta, shi ya sa masu wasan jan allo da laima a kan ruwa ke cika gaɓar Paje a watannin. Gabashi da kudancin Morishus haka suke a Yuli da Agusta, har da sanyin yamma da zai sa baƙi neman abin rufa. A Karebiyan iska takan ƙara ƙarfi daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu. Aruba kuwa kusan duk shekara cikin iska take.

Ga yadda za ku karanta hasashen iska. Daga kilomita 20 zuwa 28 a awa, takarda da ƙura suna tashi: mayafin amarya zai riƙa rufe mata fuska, kyandir ba zai kama ba, makirufo zai riƙa gurnani idan ba a sa masa soso ba. Daga 29 zuwa 38, ƙananan bishiyoyi na rangaji, rairayi na shiga ido da abinci, labulen rumfa na cika da iska yana jan ginshiƙai. Daga 39 zuwa sama, riƙe lema ma aiki ne, kuma duk rumfar da ba a binne ƙafafunta ba ta zama haɗari ga mutanen da ke ƙarƙashinta. A irin wannan lokaci sai a binne kowace ƙafa kamar santimita 50 cikin rairayi ko a ɗaure ta da buhunan yashi, a rage yadin ado, a sa furanni cikin tukwane masu nauyi da gajeren wuya.

Batun kuɗi a bayyane yake: ɗakuna da tikiti sun fi tsada, ƙwararrun masu ɗaukar hoto da masu kwalliya sukan cika tun shekara guda kafin lokacin. Makonni biyun Kirsimeti da sabuwar shekara su ne mafi muni. Otal-otal da yawa sukan gindaya mafi ƙarancin kwanakin da za a kama, su ɗora kuɗin liyafar dare na dole, wasu ma ba sa karɓar biki sam. A tuna kuma cewa a tsibirai da dama bakin teku na kowa ne, otal ba shi da ikon korar masu wanka daga bayan amarya da ango.

Damina iri biyu ce

Wajibi ne a raba damina mai ruwa kawai da damina mai guguwa, domin haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

Guguwar teku tana buƙatar ruwan da ɗuminsa ya kai kusan digiri 26 da rabi, tana kuma buƙatar nisa daga layin da ya raba duniya biyu kafin ta iya juyawa. Shi ya sa da wuya ta kafu a cikin digiri 5 na layin. Manyan tsibiran Seshel, da Maldif, da Zanzibar suna kusa da shi, don haka daminarsu galibi ta ruwa da raƙuman teku ce. A Karebiyan kuwa lokacin guguwa a hukumance yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba, ƙololuwarsa wajen 10 ga Satumba. A Satumbar 2017 ne guguwar Irma da Maria suka ragargaza Barbuda, da Dominika, da Puerto Rico. A Satumbar 2019 Dorian ta yi wa arewacin Bahamas mummunar ɓarna. Farkon lokacin ma ba abin sakankancewa ba ne, domin Beryl a farkon Yulin 2024 ta afka wa Carriacou na ƙasar Grenada. A kudancin duniya lokacin guguwa daga Nuwamba zuwa Afrilu yake, ya fi ƙarfi a Janairu zuwa Maris. Winston a Fabrairun 2016 ta afka wa Fiji. Aruba, da Bonaire, da Curaçao suna kudu da hanyar da guguwa ta fi bi, shi ya sa masu neman Karebiyan a Agusta ko Satumba ke karkata can.

Gaskiya ne cewa da wuya guguwa ta zaɓi tsibirinku a ranarku. Amma lissafin ba na rana guda ba ne. Baƙi sukan iso cikin kwana uku ko huɗu, su koma cikin wasu kwanakin, kuma yawancinsu sai sun sauya jirgi a wani filin. Guguwar da ta wuce nesa da ku tana iya rufe filin da iyayen amarya za su bi, ta hana jiragen ruwa tashi, ta turo raƙuman da za su cinye rabin rairayin. Otal ɗin da guguwa ta taɓa a Satumba yana iya zama a rufe har Disamba. Duk wanda ya zaɓi waɗannan watanni ya sayi inshora a makon da ya biya kuɗin kafin alƙalami, domin da zarar an raɗa wa guguwa suna, inshorar da aka saya bayan nan ba ta biyan asararta.

Damina mai ruwa kawai ta fi sauƙin sarrafawa, amma ita ma mataki-mataki ce. Masika a Afrilu ba yayyafin awa guda ba ne, ruwa ne da kan yi kwanaki yana zuba, har wasu otal-otal na Zanzibar sukan rufe su yi gyara. Vuli kuwa sau da yawa ta zuba ta ɗauke ce. A Maldif daga Mayu zuwa Nuwamba matsalar sufuri ce ta fi ruwan: yawancin wuraren shaƙatawa sai da ƙaramin jirgin ruwa ko jirgin sama mai sauka a kan ruwa ake isa, shi kuma mai sauka a ruwan da rana kawai yake tashi. Idan hadari ya jinkirta shi har yamma, baƙi a Male, babban birnin Maldif, za su kwana. A Bali daga Disamba zuwa Maris iskar yamma takan turo tarin robobi da shara gaɓar Kuta da Seminyak, abin da babu hoton talla da zai nuna muku. Ga kuma sauro bayan ruwa, da zazzaɓin dengue da yake yaɗawa, wanda dole a yi la'akari da shi idan akwai masu juna biyu da ƙananan yara cikin baƙi.

Amfanin damina shi ne rahusa, da rashin cunkoso, da ganye shar, da gajimare masu ƙawata faɗuwar rana. Ga biki na mutum 10 zuwa 15 da za su zauna mako guda, waɗanda za su iya matsar da taron daga Talata zuwa Laraba ba tare da kowa ya yi asara ba, zaɓi ne mai ma'ana a tsibiran da ba sa guguwa. Ga babban taro, ba mu ba da shawararsa.

Gefe biyu na rani

A ganinmu nan ne zaɓi mafi kyau yake ga yawancin ma'aurata, kuma nan ne ya kamata a fi tsayawa a yi nazari, domin farkon rani da ƙarshensa ba su yi kama ba.

Farkon rani kamar kaka yake: ruwa ya ɗauke, ƙasa tana kore, iska ta wanke, furannin tsibirin suna da yawa. A Karebiyan wannan shi ne makonni biyun farko na Disamba, bayan rufe lokacin guguwa kuma kafin farashin Kirsimeti ya hau. A Bali, da Fiji, da Morishus shi ne Mayu zuwa farkon Yuni, kafin hutun Turai na Yuli da Agusta ya cika wuraren. Illarsa ita ce damina ba ta san kalanda ba. Takan yi jinkirin tafiya da mako biyu ko uku, sauro bai gama raguwa ba, kuma rairayin da raƙuman damina suka kwashe bai gama dawowa ba, sai ka tarar gaɓar ta fi yadda take a hoto ƙunci.

Ƙarshen rani kuwa teku yakan kwanta, ruwa ya yi garau, iska ta lafa. Wannan ya yi wa mayafi, da kyandir, da sauti daɗi, amma iskar da ta lafa ita ce da ma take rage zafi. A Maldif da Phuket, Maris da Afrilu su ne watanni mafi zafi, ga danshi yana hauhawa. Kwalliya takan narke, ango cikin kwat yakan jiƙe sharkaf kafin a gama, kek ɗin da aka yi wa ado da man shanu yakan fara zubewa tunda man yana narkewa daga wajen digiri 32. Abincin da aka dafa bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, idan zafi ya haura digiri 32 kuwa awa 1 ne, musamman kifi da sauran kayan teku. A tanadi aƙalla rabin lita na ruwan sha ga kowane mutum a kowace awa, a kuma taƙaita zaman rana zuwa minti 20 ko 30.

Tsibiran kudu sun fi samun sauƙi a nan, domin ranin su shi ne lokacin sanyinsu. Ƙarshensa, wato Satumba zuwa Oktoba, ɗumi ne matsakaici. A Zanzibar daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba kusi ta yi laushi, vuli ba ta kankama ba. A Morishus Oktoba ya haɗa ɗumi da ƙarancin ruwa, kuma guguwa ba ta fara ba. A Seshel watannin da iska ke sauya alƙibla, Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba, su ne teku ya fi kwanciya. Idan za mu fifita ɗaya, a kudu ƙarshen rani ya fi farkonsa. A Karebiyan kuwa farkon Disamba ya fi ƙarshen Afrilu, kuma dalilin ciyawa ne.

Tun 2011 ciyawar teku mai ruwan ƙasa da ake kira sargassum take kwararowa gaɓar Karebiyan da yawan da ba a saba gani ba. Takan fara yawa daga Maris ko Afrilu, ta kai maƙura a tsakiyar shekara, ta ragu wajen Oktoba. Idan ta taru ta fara ruɓa, warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi, ta mai da ruwan gaɓa launin shayi, ta tara ƙananan ƙudaje. Manyan otal-otal sukan kwashe ta da asuba, amma teku na iya dawo da wata kafin la'asar. Gaɓar da ke kallon gabas ce ke shan ta, kamar gabashin Barbados da yankin Punta Cana na Jamhuriyar Dominikan, yayin da gaɓar yamma takan tsira. Seshel ma tana da tata ciyawar, wadda iskar kudu maso gabas ke turowa wasu gaɓoɓin Praslin daga Mayu zuwa Satumba.

Wannan ya kawo mu ga ɓangaren da tsibirin ke fuskanta, wanda sau da yawa ya fi watan kansa tasiri. Kowane tsibiri yana da gefen da iska ke buga da gefen da ke fake. Gefen iska ya fi ruwan sama, da raƙuman ruwa, da ciyawa. Gefen fake ya fi bushewa da kwanciyar ruwa. A Morishus a watan Agusta, yamma da arewa suna iya zama lafiya lau alhali gabas ba ta zaunuwa. Inda iska ke juyawa da lokaci, kamar Zanzibar da Seshel, gefen fake ma juyawa yake, don haka gaɓar da wani ya yaba a Janairu ba lallai ta yabu a Yuli ba. A tambayi otal kai tsaye ina gaɓarsu ke kallo, a kuma nemi hotunan bukukuwan da aka yi a wannan watan a shekarun baya, ba na talla ba.

Ranar da sa'ar

Bayan an tsayar da wata, sai a buɗe jadawalin cikar teku kafin a buga katin gayyata. Teku na cika ya janye kusan sau biyu a rana a yawancin wurare, kuma lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50 kullum. Cikar ta fi girma a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da ya cika, wato farkon watan Musulunci da tsakiyarsa. A Karebiyan bambancin kaɗan ne, bai cika kai rabin mita ba. A Zanzibar kuwa yana kai kusan mita 4. A gabashin tsibirin, Paje da Jambiani, ruwa yakan janye nesa ƙwarai ya bar fili mai ciyawa da duwatsu, idan ya dawo kuma ya iso har gindin katangar otal. Abin lura shi ne a can babbar cika wajen la'asar take zuwa, daidai lokacin da ake so a jera kujeru. Masu son biki a daren farin wata su kula da wannan. Nungwi da Kendwa a arewa ba sa janyewa haka. Abin da ake so shi ne taron ya zo lokacin da ruwa ke komawa, awa biyu zuwa uku bayan cika: rairayin ya taurare, kujeru ba za su nutse ba, kuma ruwa ba zai biyo ku ba.

Rana a waɗannan wurare takan faɗi da wuri, duhu kuma ya rufe cikin kamar minti 25. A Karebiyan a Disamba wajen ƙarfe biyar da rabi take faɗuwa, kusa da layin tsakiyar duniya kuwa tsakanin shida da shida da rabi duk shekara. A fara taro awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin faɗuwar, don a bar wa mai hoto minti 40 na haske mai laushi. Jinkirin rabin awa wajen kwalliya na iya cinye hotunan gaba ɗaya. Gaɓar yamma ce ke ganin rana na nutsewa a teku, sai dai baƙi za su zauna suna kallon hasken, don haka a karkata kujerun kaɗan. A gaɓar gabas inuwar bishiyoyin kwakwa takan rufe wurin da wuri, ya fi sanyi amma haske ya fi saurin ƙarewa. Inda kunkurun teku ke yin ƙwai, wanda a Karebiyan galibi daga bazara zuwa kaka ne, hukuma na iya hana fitilu masu haske da hura wuta a kan rairayi da dare.

Kalandar mutanen tsibirin ma abin dubawa ce. A Bali ranar Nyepi, wato ranar shiru ta mabiya addinin Hindu, wadda galibi a Maris take faɗowa, komai yakan tsaya na awa 24, har filin jirgin sama yakan rufe. Maldif da Zanzibar yawancin mutanensu Musulmi ne, kuma azumi yana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara. A 2027 ana sa ran farawa a farkon Fabrairu, wato tsakiyar ranin Maldif. Wuraren shaƙatawa suna aiki, amma ofisoshin gwamnati na rage sa'o'i, ma'aikata na azumi, haka ma baƙinku Musulmi. Sabuwar shekarar Sin a Janairu ko Fabrairu takan cika Phuket, da Bali, da Maldif. Game da takardu kuwa, bikin da baƙi ke yi a wuraren shaƙatawa na Maldif na ado ne, ba ya tabbatar da aure a doka, don haka a ɗaura auren a yi rajistarsa kafin a tafi.

Ko wane wata kuka zaɓa, kada ku sa hannu a yarjejeniya sai an rubuta sunan wurin fakewa a ciki. Ya kasance rufaffe ta sama da gefuna, ya ɗauki dukan baƙinku a zaune, kuma kada ya zama ɗakin cin abincin sauran masu masauki. A rubuta wanda ke da ikon yanke shawarar komawa ciki da kuma ƙarfe nawa, domin masu jera kujeru da masu sauti suna buƙatar awa uku zuwa huɗu. A rubuta abin da zai faru da kuɗinku idan aka rufe filin jirgi ko otal ɗin ya lalace: maidowa ko ɗagewa, kuma zuwa yaushe. Amarya da ango su iso kwana uku kafin ranar, baƙi kwana biyu, a kuma sa bikin a tsakiyar zaman, yadda za a sami rana guda a gaba da za a iya matsawa cikinta idan sama ta ƙi.